Focaccia: kwaɓin kwana a firji ko na yini ɗaya?

Focaccia burodin Italiya ne mai faɗi da ake gasawa a tire. Awon duka kwaɓin biyu ɗaya ne: fulawa giram 500, ruwa mililita 400, gishiri giram 10, man zaitun cokali 3. Inda suka raba hanya shi ne yis da lokaci.

Na yini ɗaya yana son busasshen yis giram 7 da ruwa mai ɗumi. Cikin awa biyu ya ninka, a juye a tire, a ƙara masa minti 45. Yana fitowa da laushi, amma ɗanɗanonsa salam, washegari kuma ya bushe. In gari da zafi a sa ido, domin da ya wuce lokacinsa sai ya saɓe a tanda.

Na firji giram 3 ya ishe shi, ya kwana awa 18 zuwa 24 a rufe. Sanyi na rage wa yis gudu, sai kwaɓin ya samu ɗan tsami da manyan ƙofofi, ɓawon ya yi ja sosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne shimfiɗa shi da sanyinsa: zai yi ta tsukewa. A bar shi awa biyu a tiren da ya sha mai tukuna. Wannan ya fi daɗi nesa ba kusa ba, muddin wutar firjin ba ta ɗaukewa.

Kowanne aka zaɓa, a lotsa shi da yatsu har ƙasa, a zuba ruwan gishiri gauraye da mai cikin ramukan kamar yadda ake yi a Janowa ta Italiya, a gasa a digiri 220 na minti 20 zuwa 25.