Tiyon iska na tankin masai a jirgin ruwa: siriri mai matata ko faffaɗa?

Ƙanena, ka ce maigidanka ya samu aikin haɗa masai a wani ƙaramin jirgin ruwa a Kwatano, za ku tashi daga Damagaram bayan salla. Tambayarka ita ce wane tiyon iska ya fi dacewa da tankin da ke tara bayan gida: siririn nan mai milimita 16 da ake ɗaura wa matatar gawayi, ko mai milimita 25 zuwa sama wanda ba shi da matata.

Ni dai faffaɗan zan sa.

Mu nan mun saba da tiyon shadda, wanda muke kafawa don wari ya fita ta sama. A jirgi, babban aikin tiyon shi ne shigar da iska cikin tanki da fitar da ita. Ƙwayoyin halittar da ke cin ƙazanta iri biyu ne. Masu rayuwa da iska ba sa tayar da wari sosai. Waɗanda ke yawaita inda iska ba ta kai, su ne ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Siririn tiyo yana shaƙe tanki, matata kuma ta ƙara shaƙe shi, sai ka ga ita ce ke ciyar da warin da aka sayo ta don ta kashe.

Ba wai matatar ba ta da rana ba. Tana sabuwa tana tare wari, kuma idan bakin tiyon ya fito kusa da inda mutane ke zama, ko jikin jirgin bai ba da wurin huda babban rami ba, ita ce mafita. Amma gawayin yana ƙarewa, sai an riƙa canzawa. Ranar da tanki ya cika ko igiyar ruwa ta watsa ƙazanta cikinta, ta jiƙe, ta toshe, ta gama aiki. Toshewar nan ce abin tsoro: a danna famfon masai, iska ta rasa mafita, tanki ya kumbura, a zo zuƙe shi da inji, ya lotsa, wani lokaci har ya tsage.

Faffaɗan ma yana da sharaɗi. Ya fito daga saman tanki, ya zama gajere, miƙaƙƙe, yana hawa a hankali, kada ya yi ciki a tsakiya inda ruwa zai kwanta. Bakinsa ya kasance can sama da ruwa, nesa da taga. A riƙa leƙa bakin nan kuwa, don zanzaro ba ya raina rami, yadda yake liƙa laka a ɗakunanmu na Birni haka zai yi a can.

Wani abu da ba ka tambaya ba: tiyon da ke kai ƙazanta tanki, galibi mai milimita 38 ne, kada ku sa na ban ruwa irin wanda ake samu a Kasuwar Dole. Wari yana ratsa robarsa. Ku nemi wanda aka yi don masan jirgi. Idan kun tarar da tsohon tiyo kuna shakkarsa, ku jiƙa tsumma da ruwan zafi, ku naɗe shi a jikin tiyon har ya huce, sannan ku sansana tsumman. In ya ɗauki wari, ku cire tiyon.