Tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura: a saya a tayar da ita?

Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna har yanzu tana dakon buhuna a hanyar Gujungu da Maigatari, kuma ta cancanci a tayar da ita, muddin shasinta lafiya yake. Sabon fenti kada ya ruɗe ka. Shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa shasi, musamman inda sifirin baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta cinye kuwa ɓarɓashi zai zubo maka a fuska. In ka ga walda kan walda, lodi ne ya taɓa karya ta, haƙura kawai. Takin zamani ma yana cin ƙasan bodi sosai.

Inji da sauƙi. Je da sassafe a tayar da shi da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alamar ringin fistin ya cinye ne, baƙin mai da ya koma kamar madara kuma gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ruwan lagireto na shiga cikin man. Duk wannan bakanike zai gyara, kayan suna Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin ka ba da ko sisi, gwada lambar shasi da ta takardu.