Haɗin man zogale da ridi: laushi akwai, kariyar rana babu

Gaskiya lokacin hunturu ban ga laifin man nan ba. Ɗigo biyu bayan wanka, fuska ta daina furfura, kuma ba ya danƙo irin na man kaɗanya. Har ƙanwata na saya wa.

Abin da ya ƙona min rai alƙawarin mai sayarwar ne. Rantsuwa ta yi min a WhatsApp, wai haɗin nata na 'ya'yan zogale da ridi da bitamin E ya wadatar, ba sai na ƙara da man kariyar rana ba, wai ma shi ke hana fata tsufa. To, bazara ta shigo, bikin 'yar yayata ya taso, ni ce mai zirga-zirgar Kantin Kwari da Sabon Gari da tsakar rana. Kafin a kai amarya goshina da saman kumatuna sun yi duhu, iyakar inda hijabi ya tsaya layi ya fito kamar an ja da biro. Tsofaffin tabon ƙurajen da suka fara dusashewa duk suka dawo. Ranar kamu mai kwalliya ta yi ta lafta min hoda, a hotuna kuwa abin sai addu'a.

Likitar fata ce ta warware min zancen. Bitamin E da sinadaran ridi suna rage ɓarnar da hasken rana ke yi wa fata, amma ba sa tare hasken. Shi UVA, wato nau'in hasken rana mai kawo tamoji da tabo, har gilashin taga yake ratsawa. Ta ce in nemi man kariyar rana mai SPF 30 ko sama (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin kariyar), wanda ke tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, wato nau'in hasken da ke ƙona fata, kuma a ga an rubuta yana kare UVA. Man da na saya kuwa ko lambar NAFDAC babu a jikinsa, balle SPF.

Da na yi wa mai kayan magana cewa ta yi, "Hajiya ki ƙara haƙuri, fatarki ce ke fitar da datti." Datti fa!

Na so in ce a saya don sanyi kawai, sai na tuna kwalbar. Fara ce garau, haske na shiga, kafin ta kai rabi man ya soma wari. Ragowar a dugadugai nake shafawa da dare. Da kuɗin nan man ridi na saya a Kasuwar Rimi, da har canji na samu.