Ɓoye makin 'yan wasa ko matse aljihu: wanne ya fi ƙara wa OOTP wahala?

Wanda ya gaji da lashe kofi duk shekara a Out of the Park Baseball (OOTP), wasan kwamfuta na jagorantar ƙungiyar besbol, yana da hanya biyu na ƙara wa wasan wahala.

Ta farko, ɓoye makin ƙwarewa da ke tafiya daga 20 zuwa 80, a koma dogaro da alƙaluman wasa kawai. Nan ne aikin manajan besbol na gaskiya yake. Mai bugu, wato ɗan wasan da ke dukan ƙwallo da sanda, zai yi wata guda yana cin wuta, ka ba shi kwantiragin shekara biyar, daga baya ka gane sa'a ce, domin kaka wasa 162 ce. Sai ka duba yawan fitar da shi da mai jifa ke yi, da shekarunsa, da filin da yake bugawa. Filin Coors da ke Denver yana kan tudu, iska ba nauyi, ƙwallo na tafiya nesa, alƙaluman masu bugu na kumbura. Matsalar ita ce matasan da za a zaɓa su shiga ƙungiya: tarihinsu gajere ne, kusan lalube ake yi cikin duhu.

Ta biyu, ɗaukar ƙungiya mai ƙaramin kasafi kamar Pittsburgh Pirates, a kuma sa kwamfuta ta yi tsauri wajen musayar 'yan wasa. Albashin tauraronka zai fara hawa bayan shekara uku, bayan shida kuma yana iya tafiya. Tana da zafi, amma muddin kana ganin maki, za ka ci gaba da yi wa kwamfuta wayo.

Ta farko ta fi ƙara wahala. Idan ta yi tsauri, a bar makin a rage ingancin rahoton masu farautar 'yan wasa.