Gargaɗi ga masu situdiyo da masu dizayin na Sakkwato

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk mai aikin hoto ko buga bana shi karanta wanga saƙo, shi tura ma abokan sana'a.

Akwai wani mutum da ke zagaye shaguna, an gan shi wajen Emir Yahaya da Ahmadu Bello Way, da filashi a hannu, wai yana saida sofwaya ta gyaran kalar monita, ƙarama da babba, in ka sayi babbar wai ba ka buƙatar wata na'ura. Wallahi ƙarya ce.

Sofwaya ba ta ganin allonka. Abin da ke auna kala 'yar na'ura ce da ake ratayawa bisa gilashin monita a jona ta da USB, allo shi riƙa nuna ja, kore, shuɗi, toka-toka tana karantawa, sannan a hidda fayil na ICC, wato fayil ɗin da ke gaya ma kwamfuta yadda za ta daidaita kala, na wannan monita kaɗai. Na'urorin su ne irin su Spyder na kamfanin Datacolor, ko waɗanda kamfanin Calibrite ke yi. Shi kuwa mai filashin fayil guda yake kwafa ma kowa, shi ƙara haske da kaifin kala, allo na ƙyalli kai kuma ka ɗauka an yi aiki, kuma sai ya ce ka kashe antibairos kahin shi saka, kun ji fa.

Wani ƙanenmu ya biya, ya gyara hotunan biki da shi, da anka wanko sunka hito da duhu, lallen amarya ya dushe, dangin ango sunka ce ba su amsa, dole ya sake wankewa da kuɗin aljihunai. Yaron da ko kuɗin haya bai gama haɗawa ba.

Maganar ƙarama da babba kuma, ko SpyderX Pro da Elite na'urarsu iri ɗaya ce, Elite ta hi yawan saiti ne kawai, kamar daidaita monita da yawa su zo ɗaya, ko furojekta. In monita guda gare ka, ƙaramar, wato Pro, ta ishe ka: cikin saitinta ka sa launin fari 6500K, gama (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) 2.2, hasken allo wajen 120. Sofwayar gyaran kala ta DisplayCAL ma kyauta ce a intanet, amma ita ma sai da na'urar.

In mai filashin ya zo shagonka ka ce shi hiddo na'urar ka gani, in babu kada ka bari shi soka filashi ga kwamfutarka. In kuɗin na'urar sun yi yawa ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi guda ku riƙa karɓa-karɓa.