Rado Diastar na hannu daga Dubai: agogon ya yi, dillalin kuma da sauran gyara

Idan kana sha'awar tara agogunan manya amma aljihunka bai kai na Rolex ba, toh ni dai Rado Diastar na hannu zan ce ka fara da shi, sai dai ka san wa zai sayo maka. Nawa wani bawan Allah ne ɗan ƙasarmu ta Gumel ya kawo min, shi sana'arsa kenan, yana zuwa Dubai sarin waya da turare sai ya haɗa da agoguna na oda, ka faɗa masa kalar da kake so ka ba da kafin alƙalami, in ya shiga Deira wajen kasuwar gwal ɗin nan da shagunan da ke kewaye da ita sai ya dinga turo maka bidiyo a WhatsApp kana zaɓa. Ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yaba akwai inda zan ɗan taɓa shi.

Agogon tukuna. Diastar ba sabon abu bane, tun 1962 kamfanin Rado na Suwizalan ya fito da shi, kuma abin da suka yi talla da shi tun farko shi ne ba ya ƙarcewa, saboda jikinsa an yi shi ne da wani ƙarfe mai taurin tsiya da ake haɗawa da tungsten, irin wanda ake yin bakin injin huda ƙarfe da shi, gilashin kuma safaya ne, wato irin mai taurin da ba ya saurin ƙarcewa. Shi ne dai wannan mai faffaɗan baki mai sheƙi da muka taso muna gani a hannun alhazan da. Kuma wallahi maganar ƙarcewar nan gaskiya ce. Ni harkar riɗi da zoɓo nake, duk Alhamis ina Maigatari tsakanin buhu da sikeli da bodin mota, ga babur ga ƙura, amma bakin agogon nan ko layi ɗaya babu, in ka goge shi da gefen riga sai ka rantse yau aka ciro shi daga kwali. Sarƙar ce dai ƙarfe ne na gama gari, ita ta sha jiki tun kafin ta zo hannuna kuma ta ƙara sha.

Amma taurin nan yana da nasa aibin, abu mai tauri haka ba ya lanƙwasa sai dai ya ɓantare, in ya suɓuce maka a kan siminti wajen alwala zai iya tsagewa kuma ba mai iya yi maka walda. Sannan tsohon agogo robar da ke hana ruwa shiga ta riga ta bushe, kar ka ga an rubuta ba ya shan ruwa a bayansa ka saki jiki, cire shi ka sa a aljihu kawai.

Atomatik ne, ba ruwansa da batir, motsin hannunka ne ke wana shi, injin ETA ne a ciki, wani kamfanin Suwizalan mai ƙera injinan agogo. In ka ajiye shi kwana biyu zai tsaya sai ka sake saitawa, kuma yana ɗan gudu da 'yan sakanni a rana, wanda yake son lokaci daidai da na waya ya sayi Casio ya huta. Nawa yana nuna ranar mako da Larabci da Turanci, irin waɗanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa, wannan ya burge ni sosai. Na ɗauki fari ne ba mai ruwan gwal ba, don bana son dogon bayani da malamai kan maza da zinare.

Jabun Rado ya fi ƙarfin lissafi, nan dillalin ya kyauta. Ya ɗaga min shi a bidiyo yana juyawa na ga 'yar ankar jirgin ruwan nan, tambarin Rado da ke fuskar, tana juyi, ya nuna min allurar sakan tana tafiya sumul ba tsalle ɗaya ɗaya irin na mai batir ba, kuma da na matsa ya sa mai shagon ya buɗe bayan na ga injin da idona. Ku dage kan buɗe bayan nan dan Allah, don akwai waɗanda jikin orijina ne amma an cusa musu inji mai arha, akwai kuma masu fuskar da aka sake fenti, yawanci daga Indiya ake kwaso su, kala tana ɗaukar ido rubutun kuma ya karkace in ka ƙura masa ido.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Ya ce min an yi wa agogon sabis, amma da na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Kano ya buɗe ya ce man ciki ya bushe ƙamas an daɗe rabonsa da wanki, sai da na sake biyan kuɗin wanki da mai. Ba kwali ba takarda, wannan dama na sani tsohon Diastar da wuya ka same shi da su, amma ko rasitin shagon ai ya kamata a ba ni. Sai maganar farashi, mun yi magana a naira amma ranar cikon kuɗi ya ce canji ya tashi, kuma ba ƙarya ya yi ba dirhami a ɗaure yake da dala, wajen 3.67 duk dala ɗaya, naira kuma tun da aka sake ta a 2023 kowa ya san halin da take ciki, amma ai sai ka faɗa min tun farko cewa da dirhami za mu yi lissafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya aiko shi, a cikin safa aka naɗe aka sa a ambulan aka ba direban tasha, agogon da ya ci min kuɗin buhunan riɗi masu yawa, haba malam.

Wani zai ce me ya hana ka saya da kanka a intanet. Akwai Chrono24, wani shafin cinikin agogo na Jamus da ke riƙe kuɗinka sai kaya ya iso kafin su ba mai sayarwa, kuma masu harkar sun fi yabon gwanjon Japan, shagunan Nakano a Tokyo suna rubuta maka duk wani tabo da ke jikin agogo. Toh amma katin da zai biya dala fa, da kwastam, da wanda zai kawo maka har ƙauyen da ko lambar gida babu? Shi ya sa har yanzu irin waɗannan dillalan muke bi.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa ajiyar kuɗi ce. Rolex da Patek Philippe ma da farashinsu na hannu ya hau sama a farkon 2022 ya sauko daga baya, balle Rado da dama ba ya cikin masu tashi. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya nemi Seiko 5 mai injin 7S26, yana jure wahala kuma duk mai gyara ya san cikinsa.

Na riga na yi wa dillalin maganar tsohon Omega Seamaster a tafiyarsa ta gaba, amma da sharaɗi, a rubuta farashi da dirhami tun ranar kafin alƙalami, a buɗe baya a bidiyo, a karɓo rasit, kuma ni zan shigo Kano da ƙafata in karɓa hannu da hannu a gaban mai gyarana. Ya ce zai yi shawara.