Katin Wise a aljihun matafiyi: inda yake biyan buƙata da inda sai tsabar kuɗi

Katin Wise na kashe abin da ka zuba ne, ba na bashi ba. Kamfanin, wanda ke harkar tura kuɗi da canji ta intanet, ya fara aiki a Landan a 2011 da sunan TransferWise, ya koma Wise a 2021. Asusu ɗaya yana riƙe kuɗaɗen ƙasashe fiye da 40, canjinsa kuma bisa farashin da bankuna ke ciniki da shi a tsakaninsu ne, sai 'yar la'ada da manhajar ke nuna maka kafin ka amince. A nan ya fi 'yan canjin filin jirgi nesa ba kusa ba. Sai dai ba mazauna kowace ƙasa ake ba katin ba, don haka a fara duba wannan.

Da katin ya iso, a yi cinikin farko ta hanyar zura shi a na'ura da danna lambar sirri. Sai bayan haka biyan ɗora kati kan na'ura yake aiki.

Babban tarkon da ke cinye kuɗin mutane yana jikin na'urar kanti da ta ATM. Za ta tambaye ka: da kuɗin ƙasar da kake ciki za a caje ka, ko da kuɗin katinka? Kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki. In ka zaɓi ɗayan, mai na'urar ne zai yi canjin da nasa farashin mai tsada, amfanin katin ya tafi ke nan. Cire tsaba kyauta ma yana da iyaka a wata, wadda ta bambanta da ƙasar da aka ba da katin, kuma wasu na'urori masu zaman kansu a wuraren yawon buɗe ido suna ɗora nasu cajin. Gara na'urar banki, a cire da ɗan yawa sau ɗaya.

Rauninsa na gaske yana wajen otal da hayar mota. Sukan riƙe kuɗin jingina, kuma tunda naka ne ake riƙewa, yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Wasu kamfanonin haya ma ba sa karɓar komai sai katin bashi. Sannan Wise ba banki ba ne, bai kamata ya zama ma'ajiyar dukiya ba.

Tsabar kuɗi ba ta mutu ba. Ƙananan shaguna da yawa a Jamus da Japan ita suka fi so, alhali motocin bas na Landan sun daina karɓarta tun 2014. A riƙe tsabar da za ta isa kwana biyu ko uku a ƙananan takardu, da kati na biyu a wata jaka daban. Wanda zai shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye a hannu, dole ya bayyana wa jami'an kwastam.